Fuskar Wa Ke Jikin Kwalin?

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan shafe-shafe a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ko ya tsaya gaban teburin ɗan koli a Bichi, Makoɗa ko Tsanyawa, ina roƙonsa ya ɗan dakata ya dubi fuskokin matan da ke jikin kwalayen mai da sabulu. Farare ne tas, hanci kamar an ja da zare, gashi ya zubo har gadon baya, fata babu tabo ko na cizon sauro. Daga nan ya sauke ido kan matan da ke tsugune suna ciniki, suna kwance bakin zane don su biya. Da wuya ya sami ɗaya da ta yi kama da wadda ke jikin kwalin. Kuɗin na waɗannan ne, fuskar kuwa ta wasu ce.

Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a barin ko taki ɗaya na ƙasa ya kwana babu shuka. Gero da dawa da gyaɗa da wake da ake lodawa zuwa Dawanau, rabin wahalarsu a hannun mata take. Tsofaffi da 'yan mata ne ke roron wake da tsinkar gyaɗa. Matan aure a cikin gida su ke sussuka da surfe da daka, su matse man gyaɗa, su soya ƙuli-ƙuli da awara, su dafa kalwa ta zama daddawa, su saƙa faifai da tabarma, su zuba adashe su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Su ne masu sayen omo da sabulu da ɗanɗanon miya da atamfa. Amma ku tuna, yaushe rabon ku da ganin fuskar irin wannan mace a allon talla? Ana ganinta, amma a wuri ɗaya: a bangon asibitin sha-ka-tafi, rungume da yaro mai tamowa, ko a takardar gargaɗi kan kwalara da shan inna. In za a nuna cuta da yunwa, a zo ƙauye a ɗauki hoton uwarmu. In za a nuna kyau da tsafta da jin daɗi, a nemo wata fara daga nesa. Yarinyar da ta tashi tana kallon waɗannan hotuna biyu tun tana goye, ba ta bukatar kowa ya yi mata bayani. Ta riga ta fahimci inda aka ajiye ta.

Ba zan ce son farar mace baƙo ne a ƙasar Hausa ba. Kirarin farar mace alkyabbar mata ya girmi rediyo, balle waya. Sai dai a da kirari ne guda cikin kirari masu yawa. Ana yabon baƙa kyakkyawa mai sheƙi, ana yabon wankan tarwaɗa, ana yabon wushirya da dogon wuya da dara-daran idanu da cikar jiki, kuma a kan duk waɗannan ana tambayar tsafta da kunya da iya zama da mutane. Kwalliyar kakanninmu ƙari ce a kan halitta: lalle a ƙafa da hannu, kwalli a ido, fure da goro a haƙori, katambiri a fuska, kitson shuku ko doka, jigida a ƙugu, man shanu ko man kaɗe a jiki, wanka da sabulun salo, turaren wuta a tufafi. Duk wanda ke cikinsu, in kwana ya ja, zai goge ya bar mace yadda Allah ya yi ta. Babu wanda ke ɓare fata. Abin da muka sauka a kansa yanzu shi ne a ce halittar kanta ce aibin, sai an kankare ta.

Sannu a hankali abin ya shigo. Da farko kalanda ce da finafinan Indiya a gidajen silima na birni, sannan fastocin finafinan Hausa suka mamaye bangon shagunan caji da na aski har cikin lungunan Kunchi da Shanono. Da waya ta zo kuwa sai ta ƙarasa aikin. Yau kowace ƙaramar waya tana da madannin da ke haskaka fuska ya share ƙuraje ya siranta hanci, kuma mai hoton biki ba ya miƙa aiki sai ya wanke amarya a kwamfuta. Ana kawo hoton kalandar aure, uwar da ta haifi yarinya ta ƙura ido tana neman 'yarta. Mutane na dariya a kan wannan, ni kuwa tausayi yake ba ni, domin amaryar za ta rataye wannan hoto a ɗakinta, kullum ta dube shi ta dubi madubi, ta ga madubi ya gaza. Daga nan zuwa wurin mai haɗa mai, taku ɗaya ne.

Bari mu faɗi abin da ke cikin robar nan da ake kira haɗi, domin yawancin masu shafawa ba a taɓa gaya musu ba. Abu uku ne suka fi yawa. Akwai haidirokwinon, wanda ke hana fata ƙera sinadarin melanin, wato abin da ke ba ta launi kuma yake kare ta daga zafin rana. In an daɗe ana shafa shi, ƙarshensa baƙin tabo ne mai kauri a kumatu da goshi, wanda ba ya jin magani. Akwai sitiroid irin su kilobetasol da betametason, magungunan da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, amma ake matse su tubu-tubu cikin man shafawa. Su ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, kuma in sun ratsa cikin jini suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne makuri, guba mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda ke ratsawa ta kai ga ɗan tayi a ciki da jariri a bakin nono. To ku auna wannan da rayuwar macen karkara. 'Yar birni mai shafa mai tana da inuwa da fanka. Tamu kuwa za ta shafa da dare, gari ya waye ta fita tsakar gida shanya da daka, ko ta ɗauki ƙwaryar fura da nono ta taka zuwa kasuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Ta cire rigar da Allah ya ɗinka mata don wannan rana, ta fita cikinta tsirara. In kuma haihuwa ta zo da gardama aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, masu ɗinki ne ke fama da fatar da ba ta riƙe zare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata. Asalin adadin daga wani bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka ba ma'aunin ƙauyukanmu ba ne. Amma ba sai da ƙidaya za mu san abin ya iso ba. Gaɓoɓin yatsu baƙaƙe a hannu fari sun ishe mu shaida a kowane gidan biki. A watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. A 2025 kuma BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta ƙone, saboda ta ga ana fifita jikoki farare a kan nata a cikin dangi. Wannan labari ya kamata ya hana kowace kaka barci. Ba kamfani ne ya fara yi wa yaran nan rauni ba. Maganar cikin gida ce.

A nan ne zan juyo kanku, 'yan'uwana maza. Wa ya ƙirƙiro fara ko mayya ce? A majalisarmu aka haife ta, a gindin dalbejiya, ana shan shayi ana dariya. Saurayi zai sayar da buhunan gyaɗarsa ya haɗa lefe, ya sa ƙanwarsa ta cika kit da mayukan da ya san aikinsu, bayan shekara biyar fuskar matarsa ta dame, shi ne kuma na farkon cewa ta tsufa, ya fara hangen wata. Magidanci zai ce wa matarsa baƙa, cikin wasa wai, amaryar makwabcinsa ta haska unguwa. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Kuɗin ƙuli-ƙulinta na mako, wanda da zai shiga adashe ko ya sayi akuya, ya tafi wurin mai haɗi. Ku ma iyaye mata, in kun je ganin jaririya, ku daina jan kunnenta kuna duba ko za ta yi duhu, ku daina cewa kash. 'Yan matan da ke tsaye a bakin ƙofa suna ji.

Gwamnati ta ɗan motsa. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da baƙin 'yan talla da baƙin muryoyi a duk tallan da za a yi wa 'yan Najeriya, daga ranar 1 ga Oktoban 2022. Mataki ne mai kyau, ya buɗe wa 'ya'yanmu hanyar abinci. Amma fasfo dokar ta duba, ba ma'auni ba. A 2017, shekara biyar kafin dokar, kamfanin Nivea ya kafa alluna a Najeriya da Ghana yana tallan man da ke sa fata ta ƙara haske, har mutane suka yi ca a kansa, kuma wadda ke jikin allon 'yar Najeriya ce, tsohuwar sarauniyar kyau, Omowunmi Akinnifesi. In an cire Baturiya aka sa 'yar gida da aka zaɓa don ta fi kowa kama da Baturiya, matar Makoɗa ba ta ƙaru da komai ba.

Kada kuma mu zaci alherin zai zo daga manyan kamfanonin waje. A 2004 Dove ya fara wani talla da ya yi suna a duniya, inda ya ajiye 'yan kwalisa ya ɗauko mata na yau da kullum, masu ƙiba da sirara, tsofaffi da baƙaƙe. Aka yi ta tafa masa. Sai dai Unilever da ke da Dove shi ne kuma ke sayar da man hasken fata Fair & Lovely a Indiya tun 1975, kuma sai a 2020 ya canza masa suna zuwa Glow & Lovely. Hannu ɗaya na cewa ki so kanki yadda kike, ɗaya na miƙo miki roba. Mujallar mata ta Brigitte a Jamus ta daina amfani da 'yan kwalisa a 2010, ba a yi shekara uku ba ta koma gidan jiya. Ɗan kasuwa yana bin inda riba ta karkata ne, kuma mu masu saye mu ke karkatar da ita.

Na san za a ce mini: Malam, kana so a ɗauki hoton matan aure a manna a titi? A'a. Muna da kunya, muna da kulle, kuma Kano gari ne da a 2021 Hisbah ta hana ko da gunkin nuna kaya a shagunan tela, a ƙarshen shekarar kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce da Shatu Garko ta zama sarauniyar kyau ta Najeriya sanye da hijabi. Amma abin mamaki, wannan kishin namu bai taɓa hana fuskar baƙuwa mai buɗaɗɗen kafaɗa shiga har ƙuryar ɗakin matanmu a jikin kwalin sabulu ba. Mun tsare ƙofar zaure, mun bar taga a buɗe. Talla ba dole sai da fuska ba. Rediyo ne abokin hirar matan karkara, to me zai hana muryar da ke tallan ɗanɗanon miya ta zama ta mai abincin sayarwa ta gaske, da harshenta na Bichi, ba ta wadda ke karya Hausa don a ce ta waye ba? Me zai hana hannun da ke wanki a tallan omo ya zama hannun da ya san taɓarya, baƙi da lallensa? Akwai dattijai mata, ungozomomi da malaman Islamiyya da shugabannin adashe, waɗanda kowa ya san fuskarsu a gari kuma maganarsu ta fi ta kowace tauraruwa nauyi. Wadda ta yarda, da sanin mijinta ko waliyyinta, a sa ta cikin mutunci da lulluɓinta, da launinta yadda yake, kuma a biya ta kuɗin da za a biya 'yar fim. Kada a ba ta sabulu sanda biyu a ce an gode, kada kuma a ɗauki hotonta a ɓoye a kasuwa.

Wannan aiki ya fi kusa da hannun ƙananan 'yan kasuwarmu fiye da kamfanonin Legas. Mai atamfa a Kantin Kwari, tela a Minjibir, yarinyar da ke sayar da humra da dilka ta WhatsApp, kusan kowa hoton wata fara yake saukowa daga intanet ya liƙa wa hajarsa. Mai sayen kayan nan baƙa ce, tana so ta ga yadda shuɗi da ruwan goro za su zauna a jikin mai irin launinta, kuma ba a taɓa nuna mata ba. Mai hoton biki ya tambayi amarya kafin ya taɓa fuskarta, ya kuma nuna mata wanda bai wanke ba. Malamanmu na Islamiyya, da suke da 'yan mata a gabansu kullum da yamma, su tsaya a kan aya ta 22 ta Suratur Rum, inda aka lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, su faɗi sunan man da sunan cutar ƙarara, domin wa'azin canza halitta a dunƙule bai hana kowa ba. Masu unguwanni da sarakunan kasuwa kuwa sun san rumfar da ake dama haɗi a bokiti a ɗura a robar da babu suna babu lambar NAFDAC, sun san ranar da mai ita ke zuwa, kuma ofishin hukumar yana nan cikin birnin Kano.