Kek Mai Hawa Biyar, Huɗu Na Soso: Ado Ne Ko Ƙarya?

Yau ina so mu tattauna kan wani abu da ya shigo mana cikin bukukuwa, muna gani muna yabawa ba tare da mun san cikinsa ba. Kin san kek ɗin nan da ake girkewa a tsakiyar ɗakin taro ranar liyafar amarya, hawa 4 ko 5, fari fat, an jera masa furanni? To sau da yawa hawa ɗaya ne kawai na ci. Sauran farin soson nan ne mara nauyi, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, aka yanka aka lulluɓe da sukarin ado. Mai yin kek ta sani, uwar amarya ta sani, amarya ma an nuna mata inda za ta sa wuƙa. 'Yan biki ne kawai aka bari a duhu. Shin wannan ado ne, ko ƙarya ce aka shafe ta da sukari?

Kada ki yi saurin yanke hukunci, don masu yi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Kek na gaske mai hawa 5 yana lashe fulawa da bota da ƙwai kiret-kiret, ga shi da zafin garinmu ba ya jure ajiya. A watse taro a bar rabinsa, kwana biyu ya yi tsami a zubar. Allah kuwa Ya hana almubazzaranci, har a Suratul Isra'i Ya haɗa masu yinsa 'yan uwantaka da shaiɗanu. Don haka idan wata ta ce miki ita ɓarna ta rage, ba ta yi ƙarya ba.

Kuma addini bai yi faɗa da zaƙi ko ƙawa ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labari cewa Manzon Allah (SAW) yana son kayan zaƙi da zuma. Yin ado da abin da ba naki ba ma yana da asali: Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da wata riga wadda matan Madina kan aiko a ara musu idan za a yi wa amarya kwalliya. Mu ma nan mun saba, a ari sarƙa, a ari tabarmi da kwanuka, biki ya tashi a mayar wa mai shi da godiya.

To ina matsalar take? Ki lura, rigar Nana A'isha duk gari ya san ta aro ce, ba wadda ta sa ta don a ce tata ce. Ko a Ingila, inda muka samo wannan al'ada ta farin kek, wadda bikin Sarauniya Biktoriya na 1840 ya ƙara wa farin jini, an taɓa yin na bogi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sukari ya yi wuya, sai masu gasa burodi suka riƙa ba da hayar murfin kwali mai siffar kek a kifa kan ɗan ƙaramin da aka iya yi. Amma kowa a wurin ya san halin da ake ciki, ba wanda aka rufe. Namu fa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa ana yinsa ne don a tashi ana cewa, "Kai, Hajiya ta kashe kuɗi!"

Nan ne hadisin Nana Asma'u 'yar Abubakar (RA) yake tsaya mini a rai, kuma mu matan aure ya fi shafa, domin a kanmu aka yi tambayar. Wata mata ce ta ce wa Annabi (SAW) tana da kishiya, ko akwai laifi ta nuna mata cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba? Sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Ba kuɗin kowa matar nan za ta ci ba, burga kawai ta so yi, amma duk da haka sunan da aka ba abin ke nan.

Kuma burgar ba a iska take tafiya ba, akwai wadda take faɗowa a kanta. Ki tuna da baiwar Allahn da ke zaune can kujerar baya, wadda za ta aurar da tata 'yar bayan Sallah. Ita ba ta san soso ba ne. Ta koma gida ta kasa barci, ta ɗauki adashi tun kwasarta ba ta zo ba, ta sayar da akuya, ta hana maigida sakat, duk don ta kamo abin da ke kanki ba ki yi ba. Yanzu da hoto ke yawo a waya, matan da ba su ma zo bikin ba suna cikin wannan tseren.

Kayan garar iyayenmu ba su san wannan ba. Alkaki da dubulan da nakiya ba a yi musu na bogi, mata ne ke taruwa kwana da kwanaki ana daka ana suya, a kai gidan ango a raba wa dangi da maƙwabta, nakiya ta yi watanni ba ta canza ba. Ba wai ina wanke gara ba ne, ita ma ta zama dutse a kan iyayen amarya, wannan maganar wata rana ce. Amma dai abin da ido ya gani, shi baki ya ci.

Ni a ganina laifin ba a jikin soson yake ba, yana ga abin da kike so mutane su ɗauka. Ga gwaji mai sauƙi. A ce ƙawarki ta matso a tsakiyar taro ta ce, "Maman Amira, wai duk wannan kek ne?" Idan za ki yi dariya ki ce, "Ina! Na ƙasan ne kawai, sauran kwalliya ce," to kin yi ado abinki. Idan kuwa gabanki zai faɗi, ki hau kame-kame, to ki sake karanta hadisin Asma'u kafin ranar.

Ke kuma 'yar uwa mai sana'ar kek a gida, ko a tanda kike gashi ko a tukunya da yashi, naki ya fi nauyi, don ke ciniki kike yi. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Sukarin ado yana rufe abubuwa da yawa: kek ɗin da ya ƙone, wanda ya kwana uku, wanda aka rage wa ƙwai. Tun wajen ciniki ki faɗa wa mai saye hawa nawa ne na ci, nawa ne na soso, kuɗin kowanne daban, da ranar da za ki gasa. Idan ta ce kada ki gaya wa dangin ango, ki ce mata ba za ki bi su da labari ba, amma duk wadda ta tambaye ki za ta ji gaskiya.