Taurarin Intanet Da Hukuncin Najashi

A kasuwar da, mai son sayen doki ko keken ɗinki yakan nemi wanda ya taɓa saye ya tambaye shi. Ya san fuskarsa, ya san gidansu, in ya yi masa ƙarya ya san inda zai same shi. Yau mai saye a Jumia ko Amazon taurari yake dubawa, daga ɗaya zuwa biyar, sa'an nan ya karanta abin da waɗansu baƙi suka rubuta a kan kayan. Kayan da suka tara taurari su ne kan hau saman jeri, su kuma ake rububi. To, mene ne matsayin wannan rubutu a Shari'a?

Shaida ce, ko da ba a gaban alƙali aka ba da ita ba, gama da ita wani zai fitar da dukiyarsa. Abin takaici, shaidar nan ta zama haja. A 2022 kamfanin Amazon ya kai ƙarar masu kula da zauruka fiye da 10,000 na Facebook inda ake cinikin yabon ƙarya, a 2024 kuma hukumar ciniki ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da irin wannan yabo.

Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan cuta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi. Najashi kuwa shi ne mutum ya taya kaya da tsada ba da nufin saye ba, sai don wani ya ruɗu ya bi sahunsa. Waɗansu malamai sun shigar da yabon kaya da abin da babu shi a cikinsu. Wanda aka biya ya danna taurari biyar a kan wayar da bai taɓa riƙewa ba, ina bambancinsa da ɗan kore na kasuwar kara? Sai dai ɗan kore mutum guda yake cuta, shi kuwa wannan dubbai. A mazhabar Malikiyya, idan da sanin mai kaya aka yi najashi, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta wanda aka ba kaya kyauta, ya gwada, ya ji daɗinsu, ya yaba. Bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye abin da zai rage nauyin maganarsa, kyauta kuwa tana karkatar da harshe ko mai ita bai ankara ba. Wajibi ne ya bayyana cewa ba shi aka yi.

Kushe fa? Waɗansu masu tsoron Allah kan yi shiru don gudun giba, alhali Imamu Nawawi ya lissafta gargaɗin Musulmi daga cutarwa cikin wuraren da aka halatta faɗin aibi. Sharaɗi shi ne mutum ya tsaya ga abin da ya gani. Idan batir ne ya mutu bayan mako guda, ya rubuta batir ya mutu bayan mako guda, kada ya zarce ya kira mai shago ɓarawo.