Dillali Na Wa Ne?

Mai iyayen gida biyu ba ya rasa wanda zai saɓa wa. To, ina ga wanda ba shi da ubangida ko ɗaya, amma duk wanda ya ba shi aiki ya zama ubangidansa na wannan yini? Wannan shi ne halin dillalin hatsi a kasuwannin ƙasarmu, irin su Funtuwa da Dandume da Bakori da Malumfashi. Ba shi da albashi, ba shi da rumbu, ba shi da mota. Jarinsa duka shi ne mutanen da ya sani da kuma yardar da suka yi da maganarsa. Tambayar da nake so mu duba, ya 'yan'uwana ɗalibai, ita ce: idan bukatar tsohon abokin ciniki ta ci karo da haƙƙin baƙo, wa ya kamata dillali ya bi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu ga yadda maganar dillali ta yi nauyi haka. A shekarar 1977 gwamnati ta kafa Hukumar Auduga ta ƙasa, hedkwatarta kuwa a Funtuwa take. A wancan zamani hukuma ke yanka farashin auduga, kowa ya ji kafin a buɗe kasuwa. Da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, sai farashi ya koma abin da baki ya faɗa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da taimakon Bankin Duniya, shi kuma ya yaɗa noman masara da takin zamani, har 'yan kasuwa daga nesa suka riƙa yo takakka. Daga 2001 wayar hannu ta shigo. Yanzu mai kamfanin abincin kaji yana zaune a Ibadan zai turo kuɗi ta banki, bai ga buhu ko ɗaya ba, maganar mutum ɗaya kawai ya ji.

Alal misali, a ce wani dillali ya shekara goma yana haɗa wa wani Alhaji kaya. Ranar kasuwa Alhaji ya bugo waya yana son buhu ɗari uku na masara, da rahusa. Can sai ga wani dattijo daga ƙauye da buhu ashirin, bai san farashi ya tashi tun jiya ba, ya ce, "Yaro, nawa take yau?" Idan dillali ya faɗi gaskiya, ribar Alhaji ta ragu. Idan ya faɗi farashin makon jiya, ya faranta wa mai ciyar da shi, ya kuma cinye gumin damina guda na mutumin da watakila ba zai sake gani ba.

Akwai masu cewa ai babu wata wahala, da tsohuwar zuma ake magani, dillali ya riƙe wanda ya riƙe shi. Ban raina wannan hujja ba. Kaka gajeruwa ce, iyali kuwa suna ci har bazara. Wanda yake aiki shi kaɗai, in babban mai sayensa ya juya masa baya, babu ofishin da zai kai kuka. Saboda haka na yarda tsohon abokin ciniki yana da haƙƙoƙi masu yawa. A fara sanar da shi in kaya masu kyau sun shigo. A tsaya a duba masa buhu, kada a cusa masa danya ko mai ƙwari. A rufa masa asiri in kuɗinsa sun yi jinkiri. In an yi masa alkawarin kaya, ko wani sabo ya zo da la'ada ninki biyu, ba a tayar da magana, domin alkawari kaya ne.

Amma a ganina akwai abu ɗaya da sabo bai isa ya saya ba, shi ne ƙarya. Dalili kuwa, abin da Alhaji yake biya wa la'ada ba ƙarfin dillali ba ne, gaskiyarsa ce. Ranar da ya gane ɗan aikensa ya iya karkatar da harshe dominsa, ranar ce zai soma tunanin wa kuma ake karkatar masa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana tayin ƙarya don ingiza farashi, da tare masu kawo kaya a hanya kafin su san yadda kasuwa take. Duk hanin biyu rashin sanin wani suke karewa. Ga shi kuma yau dattijon nan yana da jika mai waya, kafin la'asar zai ji abin da aka sayar a Dandume. Ramin ƙarya dama ƙurarre ne, waya ta ƙara gajarta shi.

To, mece ce mafita ga dillalin da ba ya son cutar kowa? Ita ce ya bayyana na wa yake. Ya ce, "Baba, yau ni ɗan aiken wani ne, ga abin da ya ba ni in saya. Zaga ka ji bakin kasuwa, in ka ga dama ka dawo." Bai tona cinikin Alhaji ba, bai kuma rufe idon dattijo ba. Watakila ya rasa buhu ashirin a ranar, amma ƙauye guda zai ji sunansa, sababbin abokan ciniki kuwa ta bakin tsofaffi suke zuwa.

Wannan magana ta shafe mu. Da yawanmu in mun gama karatu ba ofis za mu shiga ba, da fassara ko ɗinki ko gyaran waya za mu ci abinci, kowa shi kaɗai da masu ba shi aiki. Mu ba na jiya fifiko, mu ba na yau gaskiya, kada mu biya bashin wani da haƙƙin wani. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.