Da Wane Mudu Za Mu Auna Baƙo?



A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai a Abuja ta yi wa wani ƙudirin gyaran tsarin mulki karatu na biyu. Mataimakin Kakakin Majalisar, Benjamin Kalu, shi ne ya jagoranci kawo shi. Abin da ƙudirin ya nema a taƙaice shi ne, ɗan Najeriya da ya shekara 10 yana zaune a wata jiha a ɗauke shi ɗan asalin wannan jiha. Kafin watan Yuli ya ƙare sai ga shi ya janye ƙudirin, saboda ƙurar da ta tashi daga sassa da dama na ƙasar, musamman daga ƙungiyoyin da ke ganin su ne masu gadin ƙasar kakanninsu. Ƙudiri ya mutu, amma maganar ba ta mutu ba. Har yanzu tana tasowa a rumfunan kasuwa da teburin mai shayi, kuma akasarinmu abu ɗaya muke faɗa: an hana mu haƙƙinmu. To, kafin mu tsaya a kan fushi, akwai tambayar da ta kamaci kowane ɗan kasuwa, tunda mu masu awo ne. Mudun da muke so a auna mana da shi a Kafanchan, mun yarda mu auna wa wani da shi a garuruwan iyayenmu?

Bari mu fara da ita kanta takardar da ake rigima a kanta, wadda muke kira takardar indijin. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar ya zauna inda ya ga dama a sashe na 41, ya hana a nuna masa bambanci saboda asali ko addini a sashe na 42, ya kuma ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina a sashe na 43. Amma kundin nan dai shi ne ya ce a raba muƙaman tarayya daidai tsakanin jihohi, har sashe na 147 ya ce kowace jiha a ba ta minista ɗan asalinta. Sai aka bar wa ƙananan hukumomi aikin tantance wane ne ɗan asali, kuma asalin nan ta jinin uba da kaka ake bin sa. Daga nan takarda ɗaya ta zama mabuɗin shiga soja da ɗan sanda, da aikin gwamnatin tarayya, da tallafin karatu, da gurbin wasu makarantu.

Kowa a nan ya san yadda abin yake ƙarewa. Yaro an haife shi a Kafanchan, an haifi ubansa a Kafanchan, kabarin kakansa ma yana nan. Ranar da zai cike fom sai a ce ya tafi garinsu. Ya hau mota zuwa wani ƙauye a Katsina ko Kano, mai unguwa ya dube shi ya ce bai san shi ba, bai san ubansa ba. Ya dawo hannu rabbana, ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Wannan zalunci ne, babu wata kwana-kwana. A 2019 Gwamna Nasir El-Rufai ya bayyana cewa jihar Kaduna ta soke bambanci tsakanin ɗan asali da mazauni, amma ikon gwamna bai wuce jiharsa ba, hukumomin tarayya suna nan suna neman takardar ƙaramar hukuma.

Sai dai adalci bai cika ba idan ba mu saurari masu adawa da gyaran ba. Maƙwabtanmu Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Atyap da Ham, da yawansu idan suka ji maganar shekara 10 gabansu faɗuwa yake yi. Kada mu yi saurin cewa ƙiyayya ce kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna tuna zamanin da ake kai hari ƙauyukansu ana kama bayi. Suna tuna yadda Turawa suka ɗora wasu daga cikinsu ƙarƙashin sarakunan Zazzau da Jama'a, aka riƙa naɗa musu hakimai da alƙalai waɗanda ba nasu ba. Wasu daga cikin masarautunsu ba su samu ba sai bayan dawowar mulkin farar hula, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Kuma ƙananan ƙabilu ne. Bahaushe ko ya rasa komai a Kafanchan, harshensa na nan daram daga Sakkwato har Damagaram. Mutumin Fantswam idan ƙasarsa da harshensa suka shige hannun wasu, ba shi da wata Kano da zai koma. Wanda ke da gida ɗaya tak a duniya, dole ya fi kowa tsaron ƙofarsa.

Mu ma ba iri ɗaya ba ne, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai waɗanda kakanninsu ke masarautar Jama'a tun farkon ƙarni na 19, tun fada tana tsohon gari kafin a dawo da ita Kafanchan a 1933. Akwai waɗanda jirgin ƙasa ya kawo, lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya iso nan a wajajen 1927, garin ya zama mahaɗa zuwa Kaduna da Jos. Jirgin nan bai kawo Hausawa kaɗai ba, ya kawo Ibo da Yarabawa da Tibi da sauransu. Akwai kuma waɗanda suka zo shekaran jiya da buhun albasa ko don sayen citta. Idan muka dunƙule kanmu muka ce duk matsayinmu ɗaya, mun taimaki masu dunƙule mu su ce dukkanmu baƙi ne.

Yanzu ga inda mudun yake. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari da kafuwa. Akwai Ibo da Yarabawa da mutanen kudancin Kaduna da aka haifi kakanninsu a can, Hausa a bakinsu kamar ta kowa, suna biyan haraji, suna da shaguna da makarantu. Ƙudirin da muke kukan an janye, da ya wuce, su ma zai ba su takardar Kano. Jikan Bajju da aka haifa a Sabon Gari zai nemi gurbin Kano a aikin kwastan, zai iya neman a tura sunansa minista daga Kano, zai tsaya takarar shugaban ƙaramar hukumar Fagge ba mai ce masa ya koma garinsu. Haka a Sabon Garin Zariya, haka a Funtuwa, haka a Gusau. Ɗan'uwa, tambayi zuciyarka tsakani da Allah: ka yarda? Idan ka ji wani abu ya tokare maka a ƙirji, to wannan abin da ka ji shi ne maƙwabcinka yake ji a nan. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Ba a hatsi kaɗai ake tauye mudu ba.

Tarihi ya riga ya nuna mana cewa ɗan gari a nan baƙo ne a can, kuma abin yana juyawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka dawo Najeriya, wasunsu a can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna. A watan Janairun 1983 sai gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi sama da miliyan ɗaya, mafi yawansu mutanen Ghana, a shekarar da za a yi zaɓe kuma kuɗin mai ya ja baya. Jakar nan da muke zuba kaya a cikinta har yau sunan wannan kora take ɗauke da shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai kuma siyasa, wadda ita ce ke lalata maganar a ko'ina. Ku dubi Amurka. Bayan jam'iyyar Republican, ta masu ra'ayin riƙau, ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2012, sai gardama ta ɓarke a cikin gidanta. Wasu suka ce a ba miliyoyin baƙin da ke zaune ba takardu hanyar zama 'yan ƙasa, in ba haka ba jam'iyyar za ta rasa ƙuri'un danginsu har abada. Wasu suka ce ai ranar da aka ba su takarda, abokan hamayya za su zaɓa. A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da ƙuri'a 68 a kan 32, Majalisar Wakilai ta ƙi ko kawo shi a kaɗa ƙuri'a. Bayan shekara uku Donald Trump ya ci zaɓe da alƙawarin gina katanga a kan iyakar Meziko. Abin lura shi ne, wannan lissafi na ɓangarorin biyu duk na ƙuri'a ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana aiki yana tsoron a kama shi, ya koma lamba a takardar 'yan siyasa.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa ba idan aka mai da mutane lamba. Rikicin Maris na 1987 daga Kwalejin Ilimi ta garin nan ya tashi ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf a 1992 a kan sauya wa kasuwa wuri ya fara. A 1999 an yi na naɗin sarki. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka rasa rayuka a nan da Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa, Musulmi da Kirista kowa ya binne nasa. Ɗan siyasa zai zo ya ce mana yawanmu ne ƙarfinmu, ya tsallaka titi ya ce wa maƙwabtanmu ga su nan za su cinye ku da yawa. Ranar da wuta ta tashi yana Abuja, rumfarka ce a bakin hanya.

To, mene ne mafita ga mai son gaskiya? A ganina abubuwa uku ne aka cusa cikin buhu ɗaya, kuma sai an raba su. Na farko haƙƙin ɗan ƙasa: makaranta, asibiti, aiki, tallafin karatu, tsaron rai da dukiya, zaɓe da tsayawa takara. Wannan na duk wanda ke zaune a wuri yana biyan haraji ne, mu neme shi da babbar murya ba tare da jin kunya ba, mu kuma goyi bayan a ba Bajju da Ibo irinsa a Kano da Katsina. Na biyu gonakin gado da wuraren al'ada na mutanen da aka tarar. Wanda ya sayi fili da kuɗinsa ta hanyar halal nasa ne, amma daɗewa a gari ba ta mai da gonar aro ta zama gado. Na uku sarautar gargajiyar kowace al'umma, wadda ta 'ya'yanta ce, kamar yadda ba wanda zai shekara 10 a Daura ya ce a naɗa shi sarki. Duk gyaran dokar da bai fayyace waɗannan a fili ba, tsoro zai kashe shi kamar yadda ya kashe na 2025. Idan maƙwabci ya tabbata ba gonar kakansa ko kujerar sarkinsa ake nema ba, zai fi sauƙin yarda ɗanka ya samu gurbin karatu.

Muna da abin koyi a tarihinmu. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar. Sa'ad bin Rabi'a ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma daga wannan kasuwa Allah ya buɗa masa. Mai gida ya buɗe hannu, baƙo ya kame nasa. Da ɗaya daga cikinsu ya gaza, da zaman bai yi daɗi ba. Mu kan yawaita tuna wa mutane halin Ansar, amma rabonmu a wannan ƙissa, mu 'yan kasuwa, halin Abdurrahman ne.

Akwai abin da ba sai mun jira Abuja ba. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na kudancin Kaduna, har da Hausawa da Fulani, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan, kowace al'umma ta nemi afuwar sauran. Takarda ce, sai an raya ta da aiki. Ka yi wa ɗanka takardar haihuwa tun yana jariri, ka adana rasit na haraji da takardun fili, domin ranar da doka ta canza su ne shaidarka. Kada ka sayi takardar indijin ta bayan fage, ƙarya ce kuma cin hanci ne, sannan ita ce hujjar da ake kafawa a kanmu gaba ɗaya. Ka koyi gaisuwa da harshen mutanen da ka shekara talatin kana cin kasuwa da su. Ka je musu jaje da barka. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da maganar mu da su, ka tambaye shi maganar ruwa da hanya da wutar lantarki. Idan kuma ka je gida hutun Sallah ka ji ana cewa mutanen Sabon Gari su koma inda suka fito, ka buɗe baki ka ce kai ma haka ake ce maka, kuma ba daɗi.

Allah ya ba mu ikon cika mudu ga wanda muke so da wanda ba mu so. Allah ya zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna da Najeriya lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu. Amin.

Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci