Kowane Matakin Yaro Da Irin Riƙon Da Ya Dace Da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam daki-daki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure ta samu noma rani da damina. Wannan ni'ima ce babba, amma ta zo da jarrabawarta. Yaro ɗan shekara 13 yakan yi kwadagon dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, ya dawo da kuɗi a aljihu. Haka takwaransa na Kumbotso da ke bin motocin kaya. Kuɗi sun riga hankali zuwa, sai uba ya wayi gari ɗan da jiya yake rusuna masa, yau yana mayar masa da magana.

Shari'a ba ta yi wa yara kuɗin goro ba. Kafin shekara 7 yaro ɗan kwaikwayo ne, abin da ya gani a tsakar gida shi yake ɗauka. Saboda haka tarbiyyarsa a wannan lokaci ita ce iyaye su gyara nasu harshe da nasu hali.

Daga shekara 7 sai wayo ya soma zuwa masa, ya fara rarrabe kyau da muni, ya yi abokai a makarantar allo da dandali. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, an umurci iyaye su sa yaro salla a wannan shekara, su hore shi a kanta idan ya kai 10, su kuma raba wa 'ya'ya shimfiɗa. Mai hankali ya dubi tazarar nan: shekara uku cur ta koyarwa da lallashi kafin a ambaci horo. A Suratun Nur, aya ta 58, an koya wa yaran da ba su balaga ba neman izinin shiga wurin manya a lokatai uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i. Aya ta 59 kuwa ta ce in sun balaga su nemi izini kamar sauran manya.

Mataki na uku shi ne balaga, kuma nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe. Murya ta buɗe, jiki ya sauya, zuciya ta yi saurin hawa, maganar aboki ta fi ta uba nauyi. Wasu iyaye su ci gaba da tsawa da bulala kamar ga ɗan shekara 7, har yaro ya bar cin tuwon gida. Wasu kuma su sakar masa linzami wai ya zama mutum tunda yana samu, sai 'yan shaye-shaye su karɓe shi. Duka biyun kuskure ne.

Abdullahi ɗan Umar ya ba da labari cewa Annabi (SAW) ya mayar da shi ranar Uhudu yana da shekara 14, ya karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. Ke nan saurayi ana ba shi amana gwargwadon ƙarfinsa. Amma Suratun Nisa'i, aya ta 6, ta hana a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an jarraba shi an ga shiriya. Balaga daban, shiriya daban. Likitocin zamani ma sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna ƙarshen al'amari ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

To, uba ya jawo saurayinsa jiki, ya yi shawara da shi, ya san abokansa, ya san inda kuɗin kwadagonsa suke tafiya, ya ware masa ɗan fegi a gona ya ga yadda zai riƙe shi. In zai yi masa faɗa, kada ya yi a gaban ƙannensa. Uwa ta yi wa budurwarta haka, ta koya mata hukuncin haila da wanka kafin su riske ta.

Manomin Kura ya san irin da ke wurin raino ba a yi masa ban-ruwa irin na wanda aka dasa. 'Ya'ya sun fi shinkafa cancantar wannan lura, domin su kiwo ne da za a tambayi iyaye a kansa ranar Lahira.

Allah Ya shiryi zuri'ar Musulmi baki ɗaya, amin.