Mai Gona ko Mai Gadi?

Wata safiya muna shiri a rediyo kan saran itatuwa, sai wani mai sauraro ya bugo waya, muryarsa a natse. Ya ce shi bai ga abin surutu ba: a Littafin Farawa Allah ya danƙa wa ɗan Adam duniya ya mallake ta, to a kan me za a hana shi sare gawon da ke gonarsa? Lokaci ya ƙure, na yi masa godiya na saki kiɗa. Amma tambayar ta biyo ni har gida.

Ayar da yake nufi ita ce ta 28 a babi na farko, kuma da Ibrananci aka rubuta ta. Kalmomi biyu ne a cikinta suka ɗauki nauyin maganar: “kabash” da “rada”. Masu son sassautawa sukan ce ai kulawa kawai ake nufi. Ni ban yarda ba. “Kabash” kalma ce mai kaushi, tushenta takawa da dannewa. Da ita Littafin Irmiya, babi na 34, ya yi bayanin masu hali na Urushalima da suka saki bayinsu, sannan suka komo suka sake tursasa su cikin bauta. “Rada” kuwa mulki ce irin ta sarki. Saboda wannan kaushin ne wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya ɗora wa irin wannan fahimta babban kaso na laifin lalacewar muhalli, a maƙalarsa ta 1967 cikin mujallar Science. Ashe mai sauraron nawa ba daga ka ya ƙago maganar ba.

Sai dai ya tsaya karatu da wuri. Aya ta gaba, abincin da aka ba wannan sarki tsirrai ne da ƴaƴan itatuwa. Izinin cin nama bai zo ba sai a babi na 9, bayan ruwan tsufana. Sarkin da ko zakara bai da izinin yankawa, ai ka san sarautarsa da iyaka.

Babi na biyu ya fi kama ni. A can mutum “adam” ne, ƙasar noma kuma “adama”, wato sunansa ma daga ƙasa aka yanko shi. Da aka sa shi a gonar Adnin, a aya ta 15, aiki biyu aka ba shi: “abad” da “shamar”. Ta biyun tsaro ce, aikin mai gadi. Ta farkon kuma kunnen Bahaushe ya san ta ko bai taɓa jin Ibrananci ba, domin tushensu ɗaya da “abd” ta Larabci, inda muka samo ibada da sunan Abdu. Tana ɗaukar ma’anar noma, tana ɗaukar ta hidima da bauta. Waɗannan kalmomi biyu ne kuma Littafin Ƙidaya ya haɗa wajen faɗin aikin Lawiyawa a alfarwar sujada. Kenan mutumin da aka ce ya take ƙasa a shafi ɗaya, a shafi na gaba an ɗaura masa ɗamarar yi mata hidima kamar mai kula da ɗakin ibada. Musulmi zai tuna da kalmar halifa a Suratul Baƙara, wakilin da dukiyar da ke hannunsa ba tasa ba ce.

To wanne za a ɗauka? A ganina babu damar zaɓe, tun da wanda ya bar mana littafin bai goge ko ɗaya ba. Kuma duk wanda ya taɓa kafta fako da hauya ya san noma akwai kokawa a ciki, kaushin “kabash” ba ƙarya ba ne. Abin da ya sauya shi ne ƙarfi. Mutanen da suka fara jin wannan aya, ƙasa ta fi ƙarfinsu. Mu kuwa muna da injin sara da motar gawayi, kuma mun yi yawa.

A farkon shekarun 1980, wani ma’aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa a yankin Maraɗi. Sai ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa kafin shuka, tohon kututturan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashi. Manoma suka fara barin toho mafi ƙarfi, suna rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 a Nijar sun sake yin itatuwa ta wannan hanya. Da wuƙa da gatari aka yi aikin, sara aka yi, amma sara na mai gadi.

Gawo na cikin itatuwan da suka fi dawowa. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki a gindinsa, da rani kuma awaki su ci ƴaƴansa. Irinsa ne mai sauraron nawa yake neman ayar da zai sare da ita.