Takarda Tana Riƙe Baiti, Ba Ta Riƙe Kari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ba ɗan Adam harshe da murya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, an yi wani masanin kiɗa a ƙasar Hungari, Béla Bartók, da ya rasu a Amurka a 1945. Tun daga 1906, shi da abokinsa Zoltán Kodály suka riƙa bin ƙauyuka ɗauke da na'ura mai naɗar murya a jikin kaki, suna roƙon manoma da tsofaffin mata su rera musu abin da suka gada. A 1913 har Biskra ta ƙasar Aljeriya ya kai. Daga abin da ya tara ya tsara karuruwa goma sha biyar na manoman ƙasarsa domin fiyano ita kaɗai, wasu kuma domin yara masu koyo. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma ba fiyanon nake kira gare ta ba. Himmar mutumin nake so mu duba.

Mu nan Kabi, ajami ya tsare mana baitocin Malam Abdullahin Gwandu da na Nana Asma'u, amma karin da jajojin 'yan taru, mata almajiran Nana Asma'u, suke rera su da shi a maƙogwaro yake zaune, kuma tare da mai shi ake binne shi. Ina yaro a Badariya, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kan durƙusa gaban dutsen niƙa bayan asuba, muryarta na tashi in ta tura ɗan dutse, tana sauka in ta jawo shi, rabin waƙar salati ne, rabi kukan zuci. Injin niƙa ya zo, ita kuma ta koma ga Ubangijinta. Kalmomin suna bakina har yau, karin kuwa ya ɓace mini, kuma wannan rashi yana yi mini ciwo. Haka nake jiye wa waƙoƙin masuntan Argungu da na masu dashen shinkafa a fadamar Rima.

Ya ku ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wayar da ke aljihunku ta fi na'urar Bartók nesa ba kusa ba. Ku durƙusa gaban kakanninku, ku nemi izininsu, ku naɗa, ku rubuta sunan gari da shekara, ku kai gidan tarihi na Kanta da ke Argungu a adana. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.